Me Ya Same Mu? Tsokaci Kan Begen Yarintar Da

Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A 'yan shekarun nan wani salon hira da rubutu ya yawaita a tsakaninmu 'yan zangon arewacin Ghana, tun daga majalisar shayi har shirye-shiryen rediyo, wato begen yarintar da. Ko a bakin wa ka ji shi zubinsa ɗaya ne. Mu a daji muke yini ba takalmi, mu sha ruwan tafki, mu hau mangwaro mu faɗo, a shafa mana man kaɗe, gobe mu koma. Yaran yanzu kuwa an tsare su a gida kamar kaji a akurki. Sai a rufe da tambaya: to ga mu nan, me ya same mu?

Ni ma cikin waɗannan yara nake. A Salaga na tashi, in an yi hutu a kai ni Yendi wurin gwaggona, da na girma kuma na zauna a Bawku. Don haka hirar tana yi mini daɗi ƙwarai. Amma daɗin zance daban, gaskiyarsa daban, kuma dole mai nazari ya auna duka biyun.

Bari in fara ba salon haƙƙinsa. Ya adana mana sunayen wasannin da suke neman ɓacewa: langa, carafke, 'yar ɓuya, gaɗa a farin wata, tashe cikin azumi, da motar gwangwani da muke ƙerawa da hannunmu. Ya kuma faɗi gaskiya cewa yaron da ake aika shi ne yake sanin gari. A hanyar aike na koyi gaisuwa da Gwanjanci da Dagombanci, na san canji, na san wane lungu ne ke da mugun kare.

Aibinsa na farko yana cikin tambayar nan da ake rufewa da ita. Wanda ya rayu ne kaɗai ke iya cewa me ya same mu. Salaga gari ne da ya yi suna da yawan tsofaffin rijiyoyi, da damina ciyawa takan rufe bakin wasu. Wani ɗan maƙwabtanmu da muke allo ɗaya ya bi akuya da yamma, sai washegari aka ciro gawarsa. Ban taɓa jin ɗaya daga cikinmu ya ambace shi a irin wannan hira ba, har ni mai wannan magana. Ruwan tafkin da muke alfahari da sha kuwa shi ne gidan kurkunu. A ƙidayar 1989 an samu masu cutar kusan 180,000 a Ghana. Sai a 2010 aka ga na ƙarshe, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. A yankin Bawku, kafin a fara shirin yaƙi da ƙudan bakin kogi a 1974, aikin yara da yawa shi ne jan sandar iyayen da ƙudan ya makantar. Wannan ma yarinta ce, amma ba ta samu shiga labarin ba.

Aibi na biyu, in aka ce "mu", maza ake nufi. Lokacin da nake harbin ƙadangare da danƙo, yayata tana ɗauke da farantin talla ko tulun ruwa, ga ƙaninmu goye a bayanta. Da na taɓa yi mata irin wannan hira, dariya ta yi ta ce, "Kai ne ka yi yawo, ni aiki na fita."

Abin mamaki, magabatanmu a rubutu sun fi mu faɗin gaskiya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, labari ne na yaron da aka sace yana ƙarami, uwarsa ta ƙare rayuwarta wajen nemansa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta fitar da tarihinta a 1954, ta ba da labarin wasanninsu na ƙuruciya da daɗin baki, amma ba ta ɓoye fargabar mahara masu kama mutane ba. Kasuwar Salaga kanta, a ƙarni na 19, goro da bayi ne suka ɗaukaka ta, kuma cikin bayin har da yara. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, har malami irin Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi. To in mutum ya ce "da", sai a tambaye shi wace da ɗin yake nufi.

Haka kuma masu wannan salo sukan ɗora tsaron yara na yau a kan kwaikwayon Turawa. A nan ma an gajarta tarihi. Mutanen Yendi da Salaga sun ga yaƙin 1994. Yendi ta zauna cikin dokar hana fita bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002. Bawku kuwa rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa dokar hana fita ta zama kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Uwar da ke kiran ɗanta gida tun la'asar a Bawku ba littafin Bature ta karanta ba, ƙarar bindiga ta ji.

Babban kuskuren dai shi ne cewa da babu doka. Akwai, kuma da yawa, sai dai a cikin camfi da tatsuniya aka naɗe su. Kada ka leƙa rijiya, kada ka je gindin tsamiya da tsakar rana, kada magariba ta same ka a waje, Dodo yana bakin rafi. Mai gadin dokar kuma shi ne duk wani babba a zango. Mai koko tana iya murɗe maka kunne ta tasa ƙeyarka gida, in ka kai ƙara a ƙara maka.

A Yendi na fahimci wannan. Masu begen da suna son ambaton daren Bugum, yadda muke gudu da wutar ciyawa a hannu ba mai hana mu. Amma sukan tsallake labarin da Dagomba ke bayarwa na asalin bikin: ɗan sarki ne ya fita wasa bai dawo ba, gari duka ya kunna wuta ya bazama nema, aka same shi yana barci a gindin bishiya. Ashe bikin da muke kafa hujja da shi tuni ne na daren da gari guda ya ƙi barci saboda yaro ɗaya. Sakewar da muka samu a kan wannan ta tsaya. Ɗa na kowa ne, ido kuma ya yi yawa.

Saboda haka roƙona ga marubutanmu da masu hira a rediyo shi ne su ci gaba da ba mu labarin da, amma su cika shi. A sa yayye mata a ciki, a sa waɗanda ba su kai yau ba, a sa mai kokon da ke tsaron 'ya'yan wasu ba lada ba la'ada. In aka bar su a waje, labarin ya zama gori ga yaran da ba su suka gina katangun da ke kewaye da su ba.

Kwanan baya ɗana ya nemi in bar shi ya je filin ƙwallo shi kaɗai. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na lura tsakanin ƙofata da filin akwai gidaje bakwai, biyu kawai na san sunan masu su. Da yamma na kama hannunsa muka bi sauran biyar ɗin muna sallama. Allah ya raya mana zuriya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.