An gwada bawul, an manta shi a rufe: darasin gobarar Freeport

Ranar 8 ga Yuni 2022, wani bututu ya fashe a masana'antar Freeport LNG da ke jihar Teksas ta Amurka, wuta ta tashi. Ba a rasa rai ba, amma masana'antar, mai iya fitar da kusan tan miliyan 15 a shekara, ta tsaya cak har farkon 2023.

Ga yadda abin yake. Sai an sanyaya iskar gas zuwa kusan digiri 162 ƙasa da sifili kafin ta zama ruwa. In ta ɗumama ta koma iska, girmanta kan ninka kusan sau 600. Shi ya sa ake sanya wa bututu bawul na tsaro, wanda ke buɗewa da kansa in matsi ya yi yawa.

A Freeport akwai wannan bawul, kuma an gwada shi a watan Afrilu. Sai dai bincike ya nuna bayan gwajin ba a sake buɗe hanyar da ke kaiwa gare shi ba. Ruwan gas ya maƙale a bututun, ya ɗumama, ya rasa mafita. Wato garin neman gira aka rasa ido.

A nan nake da ja da tsarin da ke auna ingancin kula da kayan aiki da yawan gwajin da aka yi a kan lokaci. A takarda, bawul ɗin nan ya ci jarrabawa. A fili kuwa, makonni ya yi bai tsare komai ba. Gwaji bisa jadawali yana da amfani, ban musa ba. Amma duk lokacin da aka taɓa na'ura, an buɗe ƙofar sabon kuskure.

Wasu za su ce a ƙara na'urorin sa ido. To, binciken ya kuma ambaci gajiyar ma'aikata saboda yawan aikin ƙarin lokaci. Ƙararrawa ba ta da amfani in mai sauraronta ya galabaita.

Abin da ya kamata shi ne kada a rufe takardar aiki sai wani ma'aikaci daban ya je da ƙafarsa, ya ga an buɗe hanyar bawul, an kuma ɗaure ta da hatimi. Sannan a ɗauki isassun ma'aikata. Kuɗin wannan bai kai asarar wata takwas ba.