Noman Rani da Tarukan Jama'a a Ƙasar Kura da Bunkure: Duba ga Abin da Aka Rubuta

Littattafan al'adun Hausawa da a ke karantarwa a kwalejojin horon malamai, tun daga Hausa Customs na 1968 har zuwa Zaman Hausawa, sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattara bayanin gayya da kalankuwa da dambe da sauran tarukan ƙauye. Amma fa akwai aibi guda da ke bin yawancin irin wannan rubutu, watau bayyana taro kamar abin da ba ya motsi: ana yin kaza bayan kaka, ana yin kaza da rani, shi ke nan. Wanda ya ke so ya gwada ƙarfin wannan bayani, to, ya kai shi ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, kudu da birnin Kano, inda ranin kansa ya sake hali.

Asalin tarukan nan kuwa lokaci ne. Manomi ya kan yi wata biyar ko shida yana fama da gona, sa'an nan in an kai amfani rumbu ya sami sarari. A cikin sararin nan ne samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu na kalankuwa, 'yan dambe su bi gari gari, a yi bukukuwan aure, wanda hannunsa bai cika ba ya tafi cin rani. Da aka gama dam na Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwan Kogin Kano ta magudanai zuwa filayen Kadawa da kewaye, da nufin shayar da hekta 22,000 a kashi na farko. Alkama kuwa ba ta yi sai da sanyin hunturu, saboda haka a kan shuka ta wajen Nuwamba, a girbe wajen Maris. Ga tumatir kuma, wanda ba ya jiran kowa in ya nuna. Watannin da a dā su ke na dandali, su ne suka zama na ban ruwa.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da littattafan makaranta su kan haɗa cikin babi guda. Akwai tarukan da ke bin watan sama, kamar tashe cikin azumi, da hawan salla, da Mauludi. Waɗannan ba ruwansu da buɗe magudana ko rufe ta. Akwai kuma masu bin shekarar noma, su ne ruwan Tiga ya taɓa. Malamin da bai yi wannan rarrabewa ba, sai ya faɗa wa ɗalibansa wai zamani ya kashe al'ada, alhali kuwa maganar ta fi haka ƙunci, ta kuma fi haka tabbas.

Ta ɗaya gefen kuma akwai Turawan da suka yi bincike a kan aikin kansa. Tina Wallace ta buga nazarinta a 1981, inda ta nuna yadda shirin ya fi amfanar mai hali bisa ga ƙaramin manomi. Gunilla Andrae da Björn Beckman, cikin The Wheat Trap na 1985, sun bi sawun alkama tun daga gona har gidan burodi, suka nuna tsadar da ƙasa ta ɗauka wa kanta. Aiki ne mai nauyi, ba kuwa mai musun amfaninsa. Sai dai ma'auninsu ƙasa ne da kuɗi da buhu. Mutanen Kura su kan fito a ciki a matsayin magidanta masu gona ko 'yan ƙodago, ba safai a kan gan su a taru ba.

Wanda ya fi kusa da maganar taro shi ne maƙalar da Sam Jackson ta buga a 1978, mai suna "Hausa Women on Strike". Labarin matan ƙauye ne da wani kamfanin Turawa ya ɗauka tsinkar ɗanyen wake a gonarsa ta cikin shirin, domin a kai Turai, suka ga ladan bai kai ba, suka janye hannu gaba ɗaya. Maƙalar ta cancanci yabo, domin ta karya zancen da a ke yi cewa matar ƙauyen Hausa ba ta da murya a bainar jama'a. Amma mai nazarin Hausa yana da abin da zai ƙara, kuma daga harshen kansa zai samo shi. Abin da Bature ya kira da kalmar da ke kan taken nan, Bahaushe ya ce da shi yajin aiki, yaji kuwa tun asali na mata ne: matar da aka ɓata wa ta kan tafi gidan iyayenta, ba ta komowa sai an yi biko, an daidaita. Watau ma'aikatan birni ne suka ari kalmar daga ɗakin mata. Saboda haka matan nan ba wani baƙon abu suka koyo ba. Dabarar da suka sani suka fitar daga gida zuwa gona.

Haka nan kuma sai a tambaya, mata ba ofis, ba magatakarda, ina suka sami haɗin baki? Mai karatun da ya san Baba of Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ba zai yi mamaki ba. Akwai ƙawance, akwai biki da gudummawarsa wadda a ke ramawa, akwai adashi, ga kuma 'yan mata masu talla da ke shiga ko wane gida da saƙo a baki. Taron mata ba ya bukatar fili.

Kada kuma a ɗora wa noman rani laifin da ba nasa ba. Polly Hill, cikin Rural Hausa na 1972, ta riga ta lura gayya ta yi rauni a Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda ba dam ba magudana. Ƙodago na kuɗi ne ya ke cin ta. Abin da ruwan Tiga ya yi shi ne ya kawo wani dalili sabo na taruwa. Magudana guda ce ke shayar da gonaki da yawa, in ta cike da yashi da kacala, wanda ke ƙarshen layi shi ne alkamarsa za ta bushe. Don haka aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, shirin TRIMING kuma, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ƙarfafa su a kan yashe ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa.

Malamai da yawa za su so su kira wannan gayya, amma akwai bambanci. A gayya mai gona ne ke gayyata, ya yi fura da tuwo, makaɗin noma ya zuga, wanda ya ƙi zuwa kunya ce kaɗai hukuncinsa. A yashe magudana ba mai gayya, domin ruwan na kowa ne, wanda ya ƙi fitowa kuwa maƙwabcinsa na ƙasa ya cuta. Ɗalibin kwaleji da aka tura ƙauyukan Bunkure neman kalankuwa, da ma a ce masa ya tsaya bakin magudana ranar yashe, ko kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da sassafe, ya rubuta wanda ya kira taron, da sunan da mutane ke kiransa da shi, da abin da a ke ce wa wanda ya makara.