Anar, Faifan da Mdou Moctar Ya Naɗa a Sakkwato

Duk wanda ya san Mdou Moctar da jita mai rugugi kamar tsawa, irin ta faifansa Afrique Victime na 2021, zai sha mamaki in ya ji faifansa na farko. A 2008 wannan Ba'abzine ɗan Nijar ya tsallako Sakkwato, ya shiga situdiyo, ya naɗi Anar da salon waƙoƙin finafinan Hausa.

Masu haɗa sautin nan sun cancanci jinjina. Suka ɗora jitarsa mai sanyi bisa bugun na'ura, suka murɗa muryarsa da Auto-Tune har tana karkarwa, sai waƙoƙin bege na Tamashek suka fito da kaɗaici mai ratsa zuciya. Ko wanda ba ya jin harshen, jikinsa zai yi sanyi.

Faifan bai shiga kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da katin memori, har arewacin Mali. Can Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar Tahoultine ta cikin faifan, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin Music from Saharan Cellphones, kafin kamfanin nasa ya buga Anar a faifan garmaho a 2014.