Takwara Biyu, Murya Biyu: Malam Aminu Kano da Aminu Ala a Ma'aunin Nazari

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, sunan yanka shi ne suna. Abin da ya biyo baya, ko na uba ko na gari ko na sana'a, alama ce ta rarrabewa kawai. Shi ya sa mutum biyu da suka haɗa sunan yanka suke zama takwarorin juna, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Wannan maƙala za ta ɗora wasu takwarori biyu, 'yan birnin Kano, a kan ma'auni guda: Malam Aminu Kano, ɗan siyasa, da Aminu Ladan Abubakar, watau Alan Waƙa, mawaƙi kuma mai ɗakin tsara kiɗa. Manufa ita ce a duba yadda kowannensu ya haɗa fasaha da siyasa, da kuma wanda ya amfana da haɗin.

2.0 Ɗan Siyasa Mai Fasaha

An haifi Malam Aminu Kano a 1920. Ya koyar a Makarantar Midil ta Bauci, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sa'an nan ya koma Maru, ya ajiye aikin koyarwa a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. Tun yana malami yake shirya wasannin kwaikwayo don fallasa zalunci da cuta. Da ya shiga siyasa bai yar da wannan makami ba, domin NEPU ta dogara ƙwarai ga marubuta waƙoƙi irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. Abin lura shi ne waɗannan mawaƙa 'yan jam'iyya ne, aƙida ce ta sa su waƙa. Waƙar kuwa daga baki zuwa baki take tafiya, a haddace ta a wurin lacca, a kai ta ƙauye. A zaɓen 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta ƙunshi ƙasar Katsina baki ɗaya. Ya rasu a watan Afrilu na 1983.

3.0 Mai Fasaha a Fagen Siyasa

Aminu Ala kuwa an haife shi a 1973, watau yana ɗan shekara goma takwaransa ya rasu. Marubucin ƙagaggun labarai ne kafin waƙa ta fito da sunansa, kuma ya kafa Taskar Ala, inda ake tsara kiɗa da ɗaukar murya. Gudummawarsa ita ce ya ɗauko tsarin rubutacciyar waƙa, da amsa-amonta da daidaiton baitocinta, ya ɗora a kan kiɗan fiyano, har malaman jami'a suka karɓe ta a matsayin abin nazari. A waƙarsa ta "Baubawan Burmi" ya soki shugabannin da suka ci amanar jama'a. A 2009 kuma aka kama shi aka gurfanar da shi a kotu a Kano saboda waƙar "Hasbunallahu", a rikicin da ya ɓarke tsakanin masu fasaha da Hukumar Tace Finafinai ta jihar. Daga baya ya yi wa sarakuna da manyan mutane waƙoƙi, aka kuma naɗa shi sarautu, ciki har da Ɗan Amanar Bichi.

4.0 Ma'auni

A nan hanyoyin takwarorin suka rabu. Na farko ya shafe rayuwarsa yana ja da mulkin En'e. Na biyu ya karɓi rawani. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, domin waƙar fada tsohuwar gado ce, tun daga Narambaɗa har zuwa Ɗanƙwairo. Amma dole manazarci ya tambayi wanda ya biya kuɗin muryar. Ɗakin ɗaukar waƙa yana cin kuɗi: na'ura, da wuta, da makaɗa, da 'yan amshi. Wanda ya biya kuwa, galibi shi ke zaɓar jigo. A ra'ayin wannan maƙala, waƙoƙin Ala da suka fi ƙarfin jigo su ne waɗanda ba su da ubangida. Na yabo sun cika da ƙwarewar sarrafa harshe, amma tun daga baitin farko mai sauraro ya san inda za su sauka.

Ana iya gwada wannan hukunci a yammacin Katsina, yankin da ya kasance ƙarƙashin gwamnatin PRP bayan 1979. Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina, suna bakin dajin Rugu. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Afrilu na shekarar aka kashe 47 a Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Waƙar situdiyo tana isa wayar manomin waɗannan garuruwa cikin yini guda, saurin da mawaƙan NEPU ba su taɓa samu ba. Sai dai manomin da aka raba da gonarsa ba ya da abin biyan situdiyo. Ke nan na'ura ta sauƙaƙa kai masa waƙa, amma ba ta sauƙaƙa fitar da kukansa ba.

5.0 Kammalawa

Ya kamata ɗaliban da ke rubuta kundaye a kan waƙoƙin zamani su daina tsayawa ga jigo da salo da zubi kaɗai. Su ƙara babi a kan wanda ya ɗauki nauyin waƙa, da inda aka tsara ta, da hanyar da ta bi ta yaɗu. Idan ba a yi haka ba, za a riƙa jera waƙar aƙida da waƙar kwangila a layi ɗaya don kawai an kira su duka "waƙar siyasa", kamar yadda za a iya ɗaukar Aminu biyu a matsayin mutum ɗaya don sunansu ya zo daidai.