Gyaran tsofaffin gidajen Damagaram: fuskar gida ko tsarinsa?

Tun shekarar 2006 Nijar ta sanya tsohon garin Damagaram, wato unguwar Birni da fadar Sarki, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta ƙidaya a kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, sai maganar gyara ta sake tasowa a bakin hukuma da talakawa. A wannan ɗan nazari za mu bar masallaci da fada gefe guda, mu dubi gidajen zama, domin su ne suka fi yawa, kuma masu su ne ke gyaransu da kuɗin aljihunsu, kowa yadda ya ga dama.

Salon gyaran da ya yaɗu sananne ne ga duk wanda ya bi lungunan Birni ko na Zango. Ana shafe bangon da ke kallon hanya da siminti, a sake fito da zanen da ke kansa, a bi shi da fenti, zankwayen da ke saman soro su ma a sake su da siminti. A ciki kuwa ɗakunan tubali sun koma na bulo, rufin azara ya koma na kwano, zaure ya zama shago ko wurin ajiye mota. Baƙo ya ɗauki hoto, a ce masa an kiyaye gidan gargajiya. A ganinmu, irin wannan aiki yana riƙe sashen gidan da ya fi ƙarancin shekaru, ya saki wanda ya fi tsufa.

Zanen bangon waje, a yawan da muke ganinsa yanzu, abin ƙarni na 20 ne. A da, adon ya fi yawa a cikin soraye, a jikin bakan gizo da rufi. Da fatake da ƴan kasuwa suka yi arziki a zamanin mulkin mallaka ne ado ya cika ƙofar gida, don mai wucewa ya gani. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi kan gidajen Zariya masu zane a 1963, kuma a bangayen wannan gari an zana har da keke kusa da dagi. Ke nan magina ba su taɓa ɗaukar zane a matsayin abin da ba ya sauyawa ba. Ba raina shi muke yi ba, aikin gwanaye ne. Amma wanda ya ce a nan asalin gida yake ya ɗauki riga a matsayin mai ita.

Abin da ya daɗe shi ne tsarin shiga. Daga hanya sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi maza, daga nan sai fili da ɗakunan samari, sai shigifa, sannan tsakar gida da ɗakunan mata. Ba a jera ƙofofin a layi ɗaya, don kada idon na waje ya kai ciki. Schwerdtfeger, a littafinsa na 1982 kan gidajen Zariya da Ibadan da Marakesh, ya nuna yadda gidan Bahaushe ke bin rayuwar iyali: ɗaki ya tashi in an yi aure, wani ya zube in an yi rasuwa ko saki, ƙasarsa ta koma cikin sabon gini. Ɗakuna na zuwa suna tafiya, jerin zaure da shigifa da tsakar gida na nan. Ranar da aka mai da zaure shago, aka fasa ƙofar ƙarfe kai tsaye zuwa tsakar gida, gidan ya zama wani gida dabam, ko da zanensa na ƙyalli.

Sai batun siminti, wanda ke lalata bangon a ɓoye. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe da damina, ya fitar da shi ta jikinsa da rani. Yana ɗan kumbura, yana ɗan tsukewa. Siminti ba ya bin wannan motsi. Sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, tubalin da ke baya ya yi ta jiƙa ba wanda ya gani, har ranar da shafen zai ɓallo falle guda da naman bango a jikinsa. Yaɓen gargajiya, ko na ƙasa da ciyawa ko na makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, yana zaizayewa a hankali a gaban idon maigida, ya san lokacin sabunta shi ya yi.

A nan ne ƙa'idojin gyara na ƙasashen Turai suke ba mu matsala. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta dage kan girmama ainihin kayan da aka yi gini da su, da kuma bambanta sabon ƙari da tsohon aiki. Wannan ya dace da ginin dutse. Gidan da ake sake wa fata duk bayan ƴan damuna, ina ainihin kayansa? Takardar Nara ta 1994 ta sassauta, ta yarda a auna sahihancin gini bisa al'adar da ta haife shi, har da fasaha da amfani. Bisa wannan ma'auni, hannun magini na cikin abin da ake kiyayewa, kuma gidan da ya daina bukatar magini ya rabu da wani ɓangare na kansa.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora laifi kan masu gidaje. Yaɓe aiki ne mai dawowa, siminti kuwa ana zaton sau ɗaya ne. Azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, kuma ba a sare ta ba izini. Laso, wanda ake daɓe rufin soro da shi, yana bukatar katsi daga marina, marinar kuwa ta ja baya. Kuma ba wanda ke da ikon hana iyali famfo da lantarki da makewayi mai tsabta don masu yawon buɗe ido su ji daɗi. Tambayar ita ce inda za a sa su. Famfo ya ƙara yawan ruwan da ake zubarwa a gida. In aka gina wurin wanka jingine da tsohon bango, ko aka bar kwata ta kwanta a gindinsa, an gama da shi. A nan siminti na da amfani: a daɓen makewayi da aka janye daga bango, a magudana, a inda indararo ke zubar da ruwa. Wayar lantarki kuma a bi da ita ta kan yaɓe maimakon a sassaƙe tubali.

Ana yawan kawo misalin Dandaji, a jihar Tawa, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse, aikin da aka kammala a 2018. Abin koyi a wurin shi ne an kira maginan gargajiya cikin aikin, aka gyara ƙasa da ƙasa. Amma ginin jama'a ne, yana da mai tsara shi da kuɗin da aka ware masa. Gidan Birni galibi gidan gado ne. Magada goma ko fiye, wasu a Yamai, wasu a Kano, wasu sun ba da sashensu haya. Kowa na iya gyara ɗakinsa da bulo, amma zaure da katangar waje na kowa ne, saboda haka ba mai yaɓe su. Duk shirin gyaran da hukumar gari ko masu ba da tallafi za su tsara, in zai yi tasiri, to a waɗannan sassa biyu ya kamata kuɗin ya sauka, a biya magina kafin faɗuwar damina, shekara bayan shekara, ko da ba a taɓa zanen ba.