Amsa-kuwwar haske daga NGC 5548

Muna yara a Dogon Dutsi, mukan je gindin dutse mu ƙwala kira, mu yi tsit muna jiran muryarmu ta dawo. In ka ja baya, sai ta ƙara jinkiri. Wallahi ban taɓa zaton da irin wannan dabara ake auna abin da haskensa ke shafe shekara kusan miliyan 245 kafin ya iso mana ba, sai da na karanta aikin AGN STORM. Tun ranar, duk wanda ya zauna kusa da ni a fada sai ya sha labarin.

NGC 5548 gungun taurari ne, can kusa da Arcturus, tauraron nan mai ja-ja da ke tsaye bisa kanmu a daren bazara. A tsakiyarsa akwai baƙin rami da ya fi rana nauyi sau miliyoyi, yana zuƙar gas. Kafin gas ɗin ya faɗa, yakan yi zafi ya haskaka, hasken kuma ba ya zama wuri ɗaya, yau ya ƙaru, gobe ya ragu. Can gefe akwai gizagizan gas da ke amsa wannan haske da nasu launi, amma sai bayan kwanaki. Jinkirin nan shi ne nisansu daga ramin. In aka haɗa shi da saurin gudunsu, sai nauyin ramin ya fito. Masana Blandford da McKee suka shimfiɗa lissafin a 1982. Kai, wannan basira ta burge ni!

A aikin AGN STORM ɗin, a 2014, tawagar Bradley Peterson na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta sa madubin Hubble ya leƙa wurin kusan kullum, daga Fabrairu zuwa Yuli, wajen sau 170. Tauraron ɗan adam Swift da madubai na ƙasa suna taya shi. Kafin nan ma an yi shekara 13 ana gadin wannan gungu, daga 1988 zuwa 2001. Haƙurin nan irin na manomin gero ne da ke duban gabas kowace safiya. Tawagar Peterson ta tarar wasu gizagizan na amsawa bayan kwana biyar zuwa shida kacal.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne tsakiyar aikin. Kwatsam gizagizan suka daina amsawa. Tsakiya na ta haskawa, su kuwa shiru, har wajen wata biyu, sannan suka koma bin ta kamar da. Masanan suka ce gizagizan sun tafi "hutu". Ba su ɓoye ba, ba su share kwanakin daga lissafi ba, suka buga shi fili kowa ya gani. Daga baya wasu suka kawo bayanin cewa wata guguwar gas ce ta taso daga faifan da ke kewaye da ramin, ta tare hasken. Da sau ɗaya a wata ake dubawa, da wuya a gane an yi hakan.

Malaman kimiyya na Dutsi da Tibiri, don Allah ku fito da ɗalibai wani dare cikin watan Afrilu, ku nuna musu Arcturus. Gungun kansa ido ba ya ganinsa, amma ku ce musu yana nan dab da shi, sannan da safe ku kai su gindin dutse su yi kira.