Jinjina Ga Makanikan Babur Na Dawanau

Wanda ya fitar da sabuwar roba-roba daga kwali yakan ji shawara biyu: ya riƙa mayar da ita wajen dila cikin birnin Kano, ko ya ɗauki sifana ya yi hidimarta a ƙofar gida. A ganina, makanikan bakin titin Katsina a Dawanau sun fi cancantar amanarsa. Babur ɗin da ke ratsa burtali da ƙurar hunturu zuwa kasuwar hatsi yana buƙatar ido a kai a kai, dila kuwa yana nesa. Makanike zai kasa kunne ga kukan injin, ya kwance fulogi, ya ga baƙin da ya taru a bakinsa, ya gane matatar iska ta toshe.

Masu cewa garanti zai lalace suna da hujja. Mai takardar garanti ya kai juyen baƙin mai na farko wajen dila. Duba baƙin mai da iskar taya ma ana yi a gida. Amma saita bawul aikin gwani ne. Batun jabun kaya kuwa, makaniken da yake sallah sahu ɗaya da kai ya san gobe za ka dawo masa da babur ɗin.